Serotonin: a daina ɗaukar ƙwaƙwalwa kamar tankin babur

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan wata magana da ta yawaita a wayoyin matasanmu daga Garwa zuwa Marwa har Njamena, wato cewa akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna serotonin wanda shi ne tushen farin ciki, kuma wai duk mai fama da ciwon damuwa nasa ne ya ragu, don haka sai ya nemi abin da zai ƙara masa. Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, kuma a ganina wannan bayani ya mai da ƙwaƙwalwar ɗan Adam tamkar tankin babur da ake leƙawa a ga mai ya yi ƙasa a ƙara lita guda. Binciken masana bai nuna haka ba, kuma a yankinmu kuskuren yana da hatsari na musamman.

Ba a ƙwaƙwalwa aka fara gano sinadarin ba. Wani masani ɗan Italiya, Vittorio Erspamer, shi ya fara tatso shi daga hanji a shekarun 1930, sannan a 1948 Maurice Rapport da Arda Green da Irvine Page suka ware shi daga jini a birnin Cleveland na Amurka. Sai a 1953 Betty Twarog ta nuna cewa akwai shi a ƙwaƙwalwar dabbobi masu shayarwa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na serotonin da ke jikin mutum a hanji yake, inda yake taimaka wa motsin abinci, kuma wannan na hanjin ba ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ita ke haɗa nata da kanta daga wani sinadarin abinci mai suna tiriftofan, wanda ake samu a gyaɗa da ƙwai da madara da kifi. Saboda haka mai cewa a ci ayaba domin serotonin ɗin cikinta ya hau kai ya kawar da baƙin ciki, bai faɗi gaskiya ba, ko da yake ayaba abinci ce mai kyau.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a binciken shi ne aikin da sinadarin yake yi tun jariri yana ciki. A tsakiyar shekarun 1990 masu bincike a Faransa, ciki har da Patricia Gaspar, sun yi nazarin ɓerayen da aka haifa ba su da sinadarin da ke narkar da serotonin, abin da ya sa ya taru fiye da kima a ƙwaƙwalwarsu. A ƙwaƙwalwar lafiyayyen ɓera, kowane silin gashin bakinsa yana da ɗan gurbinsa daban, a jere, ana iya ganinsu da madubin likita. A waɗannan ɓerayen kuwa guraben ba su fito ba sam, sun cakuɗe, kuma mazansu sun taso da yawan faɗa. A lura, yawan sinadarin ne ya jawo wannan illa. A 2011 kuma Alexandre Bonnin da Pat Levitt suka nuna cewa a farkon ciki mabiyiya ce take haɗa serotonin ta aika wa gaban ƙwaƙwalwar ɗan tayin ɓera, kafin jijiyoyinsa masu yin serotonin su iso wurin. Ke nan sinadarin yana cikin masu shata hanyoyin da jijiyoyi za su bi, kuma lokacin da ya zo da adadin da ya zo su ne abin dubawa.

Ko manominmu yana da labari a nan. Farar hamada, wadda ke zuwa ta share gona cikin yini ɗaya, a asalinta halitta ce mai gudun 'yan uwanta. A 2009 masana daga jami'o'in Oksfod da Kambirij suka gano cewa idan fari suka matsu wuri guda ƙafafunsu na baya suna gogar juna, cikin kimanin sa'o'i biyu serotonin yakan ninka kusan sau uku a jijiyoyinsu, sai su koma masu neman taro. Da aka toshe aikin sinadarin, sai fara ta ci gaba da zamanta ita kaɗai. Babu mai cewa farin ciki ne ya tara su.

Dangane da ciwon damuwa kuwa, tun 1967 likita Alec Coppen na Ingila ya kawo hasashen cewa yana da nasaba da serotonin, kuma hasashen ya bazu a duniya bayan Amurka ta amince da maganin damuwa mai suna Prozac a 1987. A 2022 Joanna Moncrieff ta jami'ar Landan da abokan aikinta suka tattara binciken shekaru da dama, suka ce ba su sami tsayayyar hujja ba cewa ƙarancin serotonin ne ke haddasa ciwon. Wasu masanan sun soki yadda suka yi aikin, kuma muhawarar tana nan. Amma kada mai karatu ya ɗauka magungunan ba su da amfani. A 2018 Andrea Cipriani ya jagoranci nazarin gwaje-gwaje 522 kan magunguna 21, aka ga dukkansu sun fi ƙwayar da ba magani a cikinta tasiri, ko da yake ratar ba mai yawa ba ce. Magungunan suna ɗaga serotonin cikin sa'o'i, amma sauƙi ba ya zuwa sai bayan makonni, alamar cewa akwai wani sauyi da ke faruwa a hankali. Wanda likita ya ɗora a kansu kada ya yanke kwatsam, domin yin haka yana kawo jiri da rashin barci da tashin hankali.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tramol da wasu 'yan moto da leburori da manoma ke haɗiya da shayi ko kofi kafin su fita aiki, ba kashe zafin ciwo kaɗai yake yi ba, yana kuma hana jijiyoyi mayar da serotonin bayan sun sake shi. A asibiti ana ba da miligiram 50 ko 100, amma na bakin titi yana kai 225. Yaɗuwarsa a arewacin Kamaru ta kai matsayin da a 2013 wasu masana suka sanar cewa sun gano tramol a saiwar tafashiya, suka ɗauka itacen ne ke yin sa. A shekarar da ta biyo baya ayarin Michael Spiteller na Jamus ya nuna cewa ƙwayar kanti ce da mutane suke sha suke kuma ba shanun huɗa, ta fita ta fitsari ta shiga ƙasa da ruwa, saiwa ta tsotsa. A tafashiyar da aka ɗebo daga kudancin Kamaru ba a same shi ba.

Saurayin da yake shan tramol, damuwa ta kama shi, ya ji a waya cewa serotonin ɗinsa ne ya ragu, ya je ya sayi maganin damuwa irin su fuloksetin ko amitiriftilin ba tare da takardar likita ba, ya haɗa abubuwa biyu masu tura sinadari ɗaya. Abin da kan biyo baya shi ne gumi da zazzaɓi mai zafi da karkarwa da fizgar tsoka da gudawa da ruɗewa, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma yana iya kisa. Iyaye kan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko kuma iska, alhali abin da ya kamata shi ne a garzaya asibiti a kuma faɗa wa likita duk abin da yaron ya sha, ba tare da jin kunya ba.

Ina kira ga wannan jarida, idan za ta kawo labarin irin wannan bincike, ta riƙa fayyace wa mai karatu ko a kan ɓera aka yi shi ko a kan mutum, ta kuma nemi bakin likitocin ƙwaƙwalwa na yankinmu. Ina kuma roƙon ma'aikatan asibiti da masu farmasi su riƙa tambayar mutum ko yana shan tramol kafin su miƙa masa maganin damuwa.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Malamin kimiyyar halittu,
Garwa, Kamaru