Wasiƙa daga Garwa: yadda tabon hanta ke zama shimfiɗar sankara

Aminina Malam Bello,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali, da sanyin Faransa. Na karanta sakamakon ekografin Kawu, wato hoton cikinsa na na'ura, da ka aiko, kuma ka tambaye ni me ya sa likita ya ce hantarsa ta yi tauri sannan ya ambaci sankara.

Duk inda nama ya ji rauni, ƙwayoyin jiki suna sakin wasu furotin da ke kai saƙo: wannan ta hayayyafa, waccan ta matso, wata ta ɗinke wurin. Babba a cikinsu shi ne TGF-beta. Yana zaune a ɗaure tsakanin ƙwayoyi, sai rauni ya kwance shi. Daga nan ya kama makarɓarsa a fatar ƙwaya, makarɓar ta tada wasu furotin na cikin ƙwayar, SMAD2 da SMAD3, su haɗu da ɗan'uwansu SMAD4 su shiga cibiyar ƙwayar su kunna umarnin saƙa kolajin, zaren da ake yin tabo da shi. A hanta, masu karɓar wannan umarni ƙwayoyi ne masu siffar tauraro, waɗanda aikinsu na yau da kullum ajiyar bitamin A ne. Wani furotin mai kai saƙo, PDGF, ya yawaita su, TGF-beta ya mai da su masaƙa. Har ila yau suna fitar da TIMP-1, mai hana almakashin jiki yanke tsohon zaren. Saƙa na ƙaruwa, warwara ta tsaya.

Raunin kwana uku ba ya kawo wannan. Ciwon hanta nau'in B da mutum ya ɗauka tun yana jariri, shi ne raunin shekara talatin. A nan arewa ga kuma tsutsar tsargiya ta hanji da ake kwasowa a ruwa irin na madatsar Lagdo, ƙwanta na maƙalewa a jijiyoyin hanta, ga gubar aflatoksin a gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna.

Abin da ya fi damuna shi ne juyin da TGF-beta yake yi. A ƙwaya mai lafiya birki ne, yana tada furotin p15 da p21 su hana ta rabuwa. Ƙwayar sankara takan toshe kunnenta ga wannan ɓangare, ta riƙe sauran saƙon. Sai wasu furotin, Snail da Twist, su kashe E-kadirin, danƙon da ke manne ta da maƙwabta, ta saki jiki ta fara rarrafe, ta huda shimfiɗar da ke ƙarƙashinta. Ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai da jini, kamar yadda likitan Amurka Judah Folkman ya faɗa tun 1971, don haka yake kiran sababbin jijiyoyi da wani furotin mai kai saƙo, VEGF. Jijiyoyin masu yoyo ne, ta nan ƙwayoyin ke faɗawa cikin jini.

Akwai magungunan toshe saƙon VEGF, irin su sorafenib da bevacizumab, amma na biyun yana iya fasa kumburarrun jijiyoyin maƙoshi, dole a leƙa da na'ura tukuna. Toshe TGF-beta gaba ɗaya kuwa ya yi wuya, domin garkuwar jiki da zuciya suna buƙatarsa.

Shawarata a tsayar da raunin. Idan gwaji ya nuna nau'in B, tenofobir ƙwaya ɗaya kullum ba fashi, tabon kan ragu cikin shekaru. Idan tsargiya ce, firazikwantel miligiram 40 kan kowane kilo na nauyinsa. A yi ekografi da gwajin jini na AFP, mai nuna alamar sankarar hanta, duk wata 6, ko yana jin garau. Don Allah a daina ba shi jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba, a kuma gwada matansa da 'ya'yansa, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi.

Ka turo mini adadin ƙwayoyin daskarar jininsa da na AST, sinadarin hanta da ake aunawa a jini, in lissafa maka APRI, ma'aunin yawan tabon hanta. A gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Garwa