Ni da Shuɗin Fenti

Unguwar Rogo, Jos

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya Hajiya da ƙarfin jiki? Na san yanzu kun ɗan samu sararawa daga zafin Sakkwato tunda hunturu ya kankama. Mu nan Jos muku-mukun sanyi ake yi, alwalar asuba ba ta yiwuwa sai an ɗora ruwa a wuta.

Ka yi ƙorafin na yi shiru kwana biyu. Gaskiyarka. Ba ciwo ba ne, ba kuma tafiya na yi ba, fenti ne ya sha mini kai. In ka gama dariya sai ka ci gaba da karatu.

Ka tuna ɗakin kwanana, wanda ke kurya, mai taga ɗaya? Ruwan watan Agusta ya samu kafa ta rufin kwano ya gangaro bango, fentin ya kumbura ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon rogo. Da damina ta ɗauke na sa aka gyara rufin, saura fenti. Ana cikin haka na ci karo da hoton wani ɗakin otal a Facebook, bangonsa shuɗi mai duhu, irin na rinin Ƙofar Mata, ga farin zanen gado, ga fitilu. Hoton nan ya shiga raina. Na nuna wa uwargida, ta duba, ta ɗaga kai ta kalli tagarmu, ta ce, "Baban yara, da dai an mayar da ruwan madarar da muka saba." Na ce mata duk gidan da ka shiga a garin nan ruwan madara ne, sai ka ce asibiti. Ta ce to, Allah ya sa alheri. Ka san irin wannan "to" ɗin.

Shi ma mai fentin sai da ya sosa ƙeya. Ya ce, "Yallaɓai, bari in shafa kaɗan a gefe, mu bar shi ya kwana, gobe ka gani." Na ce ba ni da lokacin wannan. Na kuma ƙara wa kaina da zaɓen fentin mai, wai don in yara sun shafa hannun miya a goge da tsumma.

Ranar da aka gama, da azahar, kaya duk suna tsakar gida, ƙofa a wangale, bango yana ta sheƙi. Har hoto na ɗauka zan turo maka. Allah ya rufa mini asiri ban turo ba. Da aka mayar da gado da wadirob, magariba ta yi, na kunna farin ƙwan fitila, sai na ga kamar a cikin rijiya nake. Ɗakin da ma ƙafa 12 ne kowace kusurwa, amma sai ya tsuke, bangon kamar zai rufto mini. Autarmu ta leƙo, ta ja da baya, ta ruga ta ce wa mamanta dare ya shiga ɗakin Baba.

Sai daga baya na zauna na gano inda na yi tuntuɓe. Tagar nan arewa take kallo, kuma a watannin hunturu rana ta kudu take karkata, saboda haka ko ɗigon hantsi ba ya faɗowa ciki, ga katangar maƙwabci ta tare ɗan abin da ya rage. Ɗakin da na gani a hoto gilashi ne tun daga ƙasa har sama. Ita kuma waya haskenta daga cikinta yake fitowa, duk launin da ta nuna maka sai ya yi ɗau, alhali bango abin da aka ba shi na haske kawai yake mayarwa, mai duhu kuwa shanye yawancinsa yake yi. Ni da na yi kimiyya a sakandare, wai sai da na biya kuɗi aka sake koya mini wannan.

Abin bai tsaya a duhu ba. Sheƙin fentin mai ya tona duk wani tudu da kwari da magini ya bari a filasta, abubuwan da shekara da shekaru ban san da su ba. Ƙurar hunturu tana sauka a kai kamar an barbaɗa hoda. Sauro in ya lafe a bango ba mai ganinsa. Ga wari: sanyi ya hana a buɗe taga, mai ya ƙi fita, kullum da ciwon kai nake tashi. Kuma wallahi ɗakin ya ƙara sanyi a ido. Wataƙila a wajenku, cikin zafin Afrilu, mutum ya ji daɗin irin wannan launi, amma mu da ke zaune a kan tsauni, mita 1,200 da wani abu sama da teku, ba mu da buƙatar bango ya taya mu jin ɗari.

Duk da haka sati uku na yi ina taurin kai. Na canza ƙwan fitila zuwa mai ruwan ɗorawa, shuɗin ya rikiɗe ya koma wani baƙi-baƙi, kore-kore, kamar ruwan kududdufi. Na sayo farin labule. Uwargida ba ta ce uffan ba, sai dai na lura ta kwashe keken ɗinkinta ta koma falo, wai ba ta ganin kafar allura. Wadda ta karya ni ita ce Inna. Ta zo duba jikoki, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Wannan ɗakin kwana ne ko ɗakin wankin hoto?" Washegari na kira mai fenti. Mutumin kirki, bai ce "ai na faɗa maka" ba, murmushi kawai ya yi.

Nan ne na san shafawa ta fi gogewa sauƙi. Fentin ruwa ba ya kama jikin fentin mai, in ka shafa kai tsaye ɓarewa zai yi. Sai da aka bi bango huɗu da sanfefa har sheƙin ya mutu, aka goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, aka shafa farin fenti na ƙasa don ya danne shuɗin, sannan aka bi da launin gaske sau biyu, wasu kusurwoyin ma sau uku, domin shuɗin ya riƙa leƙowa kamar mai bin bashi. Kowace shafa galan guda mai lita 4 take ci. Sauƙin abin dai iskar hunturu tana busar da shi da wuri. Kwana biyar muka yi muna shimfiɗa katifa a falo, yara suna murna kamar Sallah.

Wannan karon ban tafi kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru ni kaɗai ba, tare muka je da uwargida. Muka ɗebo ɗan kaɗan na launi uku, aka shafa kowanne faɗin tabarmar salla a bangon da ke kallon taga, muka duba da safe, da azahar, da kuma dare a hasken fitila. Ita ta zaɓa. Ba sai na faɗa maka wanne ba. Ni dai na ce mata wannan ya ɗan fi na da haske, ta ce haka ne, Baban yara. Na ji an ce gininka ya kai shafe, to don Allah ka bar mai fenti ya yi wannan gwajin kafin ka sayi bokiti mai lita 20, kuma ka tsaya a kansa kada ya cika ruwa.

Kuɗin kuwa kar ka tambaya. Da abin da na kashe a karo na biyu an yi cefane mai kyau.

Yanzu ina da ragowar shuɗi kusan rabin galan. Na shafa wa akurkin kaji, kajin ba su yi ƙorafi ba. In kana so in haɗo maka sauran da dankalin Turawan da zan ba direba ranar Asabar, ka sanar da ni kafin Juma'a. Akwai kuma wani ɗan wuri a bayan wadirob da na hana a shafe, faɗin tafin hannu, in ka zo zan janye in nuna maka, don na san ba za ka yarda da bakin labari ba.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ta sa mu a addu'a. Uwargida tana gaida amarya da yara.

Wassalam.

Naka,
Amininka na Jos