Wasiƙa daga Tuzla ta ƙasar Turkiyya, kan ranar da muka fita gwajin jirgi

Assalamu alaikum Baba, ina fata kuna lafiya ku da Inna da su Goggo, ya zafin Garwa, na san yanzu ana shan sa. Ni lafiya lau alhamdulillahi sai kewar gida.

Jirgin ruwan nan da na ce muku muna ta haɗawa sama da shekara, to shekaranjiya aka fita da shi tekun Marmara gwaji kafin a miƙa wa mai shi. Ba na kaya ba ne ba na kamun kifi ba, na hutawa ne kawai, tsawonsa mita 35, da ɗakunan kwana da falo kamar otal, inji biyu na MTU ƙirar Jamus. Mai shi ko ƙeyarsa ban taɓa gani ba, kaftin ɗinsa ya turo, sai wani dattijo daga hukumar da ke duba ingancin jirage, shi in bai sa hannu ba ko inshora wuya take.

Ni ɗakin inji usta ya ajiye ni, haka Turkawa ke kiran babban makaniki, ya ba ni wata 'yar na'ura kamar bindigar yara ina nuna wa bututu tana faɗin zafinsa ina rubutawa. Kaɗan kaɗan aka riƙa ƙara wuta har jirgin ya kai not 20, not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, kun ga kusan 37 kenan, a titi ba komai ba ne amma a kan ruwa wallahi har cikin haƙora nake jin sa. Ana cikin wannan gudu sai kaftin ya mayar da inji baya gaba ɗaya don a auna nisan da zai ci kafin ya tsaya, da ban riƙe ƙarfe ba da na sha ƙasa. Aka yi ta zagaye dama da hagu, aka saki anga aka jawo, aka kashe janareta da gangan muka zauna a duhu ina ta salati har na ko ta kwana ya kama.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan ma, Baba, duk kwamfutocin nan suna nuna lafiya lau amma usta ya ɓata rai, ya ɗauki doguwar sukuddireba ya ɗora bakinta jikin famfon ruwan sanyaya inji ya kara kunne a marikin ya lumshe ido, sak yadda kuke yi wa injin Yamaha na kwale-kwalenku a tafkin Lagdo da asuba kafin ku ɗauki fasinja. Na tsaya kallonsa har na manta rubutu. Ya ce famfon yana kuka, da aka dawo aka kwance sai ga boris ya fara ci, sabo fil! Mako mai zuwa za a sake fita saboda shi.

A hanyar dawowa iskar kudu maso yamma da suke ce wa lodos ta taso, ɗan mai kwale-kwale guda sai ga ni rungume da bokiti ina amai, dan Allah kar Kawu ya ji wannan, ba zan sha ruwa a gidan ba.

Na tura sefa dubu 60 ta hannun Yaya, a fara gyaran rufin ɗakin Inna kafin damina, sauran sai an biya mu kuɗin ƙarin awa. A gaida kowa, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗanku