Ba duk kayan katakon Indiya da aka ce tsoho ne yake tsoho ba

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan kujeru da akwatuna da kabad ɗin Indiya da ake ta tallarsu a intanet ana cewa wai na zamanin da ne, mutane kuma suna zuba kuɗi ba tambaya.

Na asalin akwai su kam. Tun da 'yan Fotugal suka kama Goa da ke gaɓar yammacin Indiya a 1510 kafintocin can suka fara yi wa Turawa kabad mai ƙananan durowa birjik, siffar ta Turai amma adon nasu ne. A ƙarni na 18 kuma garin Vizagapatam ya yi suna wajen dasa hauren giwa a jikin katako, a zana furanni a kan hauren da tsinin ƙarfe sannan a cike zanen da baƙin ƙaro, sai ka rantse da alƙalami aka yi. Irin waɗannan akwai su a gidajen tarihi, kamar V&A na Landan.

To ga inda gizo ke saƙar. Indiya tana da doka tun 1972 da ta hana ɗan kasuwa fitar da kayan tarihi da suka kai shekara 100 daga ƙasar, cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe ma an haramta shi tun 1989, to ta ina wannan akwatin ɗan shekara ɗari biyu ya bi har ake cewa za a aiko maka shi cikin sati biyu? Gaskiyar magana a Jodhpur akwai masana'antu da aikinsu kenan, su haɗa sabon teburi ko su ɓalle tsohuwar ƙofa su yi kabad da ita, a goge fenti a ɗan ƙwarzane gefe ya yi kamar ya sha duniya.

Ni fa ban raina aikin ba, wallahi suna da hannu, haka masu sassaƙar Saharanpur. Ƙaryar shekarun ce ke ba ni haushi. Mai saye ya zaro durowa ya juya ta ya duba, in yankan a miƙe yake sumul irin na inji, kusoshin kuma duk kansu ɗaya, to sabo ne, a biya kuɗin sabo.

Da za ku tura wakilinku ya yi mana cikakken rahoto a kai da kun kyauta.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku