Ba kuɗi ne ke sa gaban mai kallo ya faɗi ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da ƙannenmu masu shirya gajerun finafinan ban tsoro suna ɗorawa a YouTube. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna a nan Zariya, na haura shekara 20 riƙe da kyamara, shi ya sa wasunsu kan kawo mini aikinsu in duba. Makon jiya wani yaro mai hazaƙa ya kawo nasa. Ko minti uku ba a yi ba sai ga aljana tsaye a tsakar ɗaki, an yi mata jajayen idanu da kwamfuta, wuta na fita daga tafin hannunta. Yaran shagona suka tuntsire da dariya. Ransa ya ɓaci, ya ce, "Maigida, da ina da kuɗin Turawa ai da ba haka ba."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni, domin finafinan da suka fi razana duniya, waɗanda har yau ake da masu ƙaunarsu kamar su haɗiye, da yawansu marasa kuɗi ne suka yi su.

Ina saurayi na kalli The Evil Dead na 1981 a wani gidan kallo, kan benci, kaset ɗin ya sha jiki har hoton na rawa. Sam Raimi da abokansa sun ɗauke shi ne a wata tsohuwar bukkar katako cikin dajin jihar Tenesi ta Amurka. Jinin da ake ta kwararawa bai dame ni ba. Abin da ya sa tsigar jikina tashi shi ne wani abu da ke sheƙowa a guje ta cikin itatuwa ya nufo bukkar, kuma ba a nuna shi, kai ne kake gani da idonsa. Sai da na shiga sana'a na gane dabarar: kyamara aka ɗaure a tsakiyar falankin katako, mutum biyu suka kama gefe da gefe suka ruga. Daren nan ban bi lungun gidanmu ba, sai da na zagaya ta bakin titi.

Wanda na fi girmamawa shi ne Night of the Living Dead na George Romero, 1968. Baƙi da fari ne, an kashe masa kusan dala 114,000, a wani gidan gona kusa da birnin Pitsbag, kuma jinin da ke ciki ruwan cakulan ne. Mutane kaɗan ne a kulle cikin gida, gawarwakin da suka tashi suna yawo na kewaye da su, su kuma suna ta gardama a kan wa zai ja gaba. Jarumin, Duane Jones, baƙar fata ne. Ya tsira har gari ya waye, ya leƙo, sai masu farautar gawarwakin suka harbe shi. Fim ɗin ya fito wata shida bayan kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka. Duk wanda ya kalli wannan ƙarshen ya san ba maganar fatalwa kaɗai ake yi ba. The Blair Witch Project na 1999 kuwa, 'yan wasa uku ne a daji suna bin sawun labarin wata mayya, mayyar ko sau ɗaya ba ta bayyana, amma ya tara kusan dala miliyan 250.

Mu bai kamata a koya mana wannan ba. Kakata in tana tatsuniyar Dodo, ba ta taɓa gaya mana kamanninsa ba. Murya kawai take sassautawa, ta yi shiru, mu kuwa kowa ya ƙera nasa Dodon a zuci.

Ba wai ina wanke finafinan nan tas ba. Yawancinsu sautinsu ya lalace, wasan wasu a ciki ɗanye ne, kuma marubucin kan mayar da mutane wawaye don labari ya ci gaba: an ji ihu a ɗakin ƙasa, sai mutum ya sauka shi kaɗai. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake wulaƙanta mata don jan 'yan kallo. A fim ɗin Raimi akwai wurin da aka ci zarafin wata yarinya a daji, wanda shi kansa daga baya ya ce ya yi nadamarsa. Wannan bai ƙara wa fim ɗin tsoro ko ƙwayar zarra ba, ƙazanta ce kawai, kuma ba na son yaranmu su ɗauka tana cikin sana'ar.

Akwai kuma cutar da ake yi wa masu wahalar. Kamfanin da ya rarraba fim ɗin Romero ya sauya masa suna, ya manta bai sa alamar haƙƙin mallaka ba, fim ya zama na kowa, wasu suka yi ta cin guminsa. 'Yan wasan nan uku na Blair Witch, da sunayensu na gaskiya aka yi amfani, amma a 2024 sai da suka fito fili suna neman a biya su abin da ya dace. Duk wanda zai tara abokai su yi fim a kan "in an samu a raba", ya rubuta yarjejeniya tun kafin a kunna kyamara.

Yaron nan na ce masa ya cire aljanar gaba ɗaya. Akwai wani kango bayan unguwarsu da tsohuwar tsamiya a gefensa. Ya sami izinin masu wurin, ya ɗauki ƙarar ƙyaure, da takun da ke tsayawa in jaruma ta tsaya, ya bar fuskarta ta yi sauran aikin. Kuɗin da zai ba mai kwamfuta ya ciyar da 'yan wasansa da shi. Makirfo ɗina zan ara masa ranar Asabar, in Allah ya kai mu, kuma zan bi su in riƙe musu fitila.

Naku,
Mai ɗaukar bidiyo daga Tudun Wada, Zariya