Wasiƙa ga Iyaye: Darasin Fiziks na Ranar Asabar da Shirin Gasa

Assalamu alaikum, iyayenmu da masu riƙon ɗalibanmu. Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari?

Daga mako mai zuwa za mu fara darasin ƙari na fiziks kowace Asabar, daga ƙarfe 11 na safe zuwa 1 na rana, ga ɗaliban babbar sakandare. Da gangan muka zaɓi wannan lokaci don kada ya ci karo da Islamiyyar safe, kuma kowa ya isa gida da azahar. Kyauta ne, ba a biyan ko kwabo.

Manufarmu ita ce shirya yaranmu shiga gasar kimiyya da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa ke shiryawa. Cibiyar tana Sheda, a yankin Kwali na Abuja, an kuma kafa ta a 1988. Gasar zagaye-zagaye ce, ana ta tankaɗe da rairaya har a fitar da zakarun ƙasa. Sama da ita akwai gasar fiziks ta duniya, wadda aka fara a birnin Warso na ƙasar Folan a 1967. Kowace ƙasa ba ta wuce ɗalibai biyar, kuma jarrabawa biyu ake yi: ta takarda awa biyar, ta gwaji da hannu ita ma awa biyar.

Wannan ta biyun ce ke hana ni barci. Yaranmu sun iya hadda, ba mamaki, da ita aka raine su. Yaro zai rero maka dokar Ohm ta wutar lantarki tiryan-tiryan, amma miƙa masa batir da waya da ƙwan fitila ka ce ya haɗa, sai hannu ya kama rawa. Ba laifinsu ba ne, ba su saba taɓawa ba ne. Don haka rabin kowace Asabar a ɗakin gwaje-gwaje za a yi shi: su auna, su yi kuskure, su sake aunawa.

A taron iyaye da malamai na baya, wani uba ya tambaye ni: "Malam, in yaro ya karanta fiziks, me zai ci?" Tambaya ce mai kyau. Ku duba tocilan da ke gidajenku da fitilun sola. Farin haskensu ya samo asali daga shuɗin ƙwan LED da wasu haifaffun Japan uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka ƙirƙira, aikin da ya kai su ga lambar Nobel ta fiziks a 2014. Ba ma sai an tsallaka teku ba. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, inda ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike, ta farko a Najeriya, ke aiki tun 2004. Da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci, kuma 'yan ƙasar nan ne ke tafiyar da ita. Wanda ya gama digiri da sakamako mai kyau yana iya neman gurbi a cibiyar nazarin fiziks ta duniya, wato ICTP, da ke Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam, ɗan Pakistan da ya ci Nobel a 1979, ya kafa a 1964 musamman don masanan ƙasashe masu tasowa. A gida kuma, kamfanin gas na NLNG yana ba da lambar yabo ta kimiyya tun 2004, kuɗinta ya kai dala 100,000.

Ina da roƙo na musamman ga iyayen 'yan mata. Daga 1901 zuwa 2023 mata biyar kacal suka ci Nobel ta fiziks, ta farkonsu Marie Curie a 1903. Ni da nake duba takardun jarrabawa na san ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, domin sau da yawa 'ya'yanku mata ne ke kan gaba a aji. Lokaci ne ba sa samu. Don Allah a ɗage musu wanke-wanke da tallan ranar Asabar na awa biyun nan. Malamai mata za su kasance tare da su har a tashi.

Takardar izini tana hannun 'ya'yanku, a sa hannu a dawo da ita kafin Alhamis. In akwai tocilar da ta mutu, ko tsohuwar rediyo, ko madubi, ko guntun wayar lantarki da ke yashe a gida, kada a zubar. A ba yaro ya kawo mana, da su za mu fara gwajin farko.

Allah ya albarkaci zuri'a, ya saka muku da alheri.

Naku,
Shugaban Makaranta