Wasiƙa zuwa Damagaram kan jinyar Inna

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Inna? Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Saƙonka ya same ni a bakin aiki, kuma daga muryarka na gane hankalinka a tashe yake. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na rubuto, don ka ajiye ka riƙa dubawa, ka kuma karanta wa uwargida tunda ita ke wuni da Inna.

Ka ce kana mamakin yadda za a ce huhun matar da ba ta taɓa riƙe sigari ba ya lalace irin na mashaya taba. Mu da ke jinyar masu ciwon ƙirji mun saba ganin haka. Iyayenmu mata sun shafe shekara 40 ko fiye a durƙushe gaban murhu, a madafi marar taga, suna hura icce da kara. Hayaƙin nan ne ke ƙuntata hanyoyin iska sannu a hankali, har ta kai iska na shiga amma ba ta fita duka. Ba zan ɓoye maka ba, huhun ba zai koma kamar da ba. Amma ana shekaru masu yawa da wannan ciwo cikin sauƙi idan an iya jinya, kuma mafi yawan jinyar a hannunku take, ba a hannunmu ba.

Kafin komai, ka tabbatar an gwada kakinta don tarin fuka. Duk tarin da ya kai mako 2 ya cancanci gwaji, kuma na'urar GeneXpert tana ba da sakamako cikin kamar awa 2. In ya tabbata shi ne, magani na wata 6 ne ba fashi, ko da ta ji sauƙi tun a watan farko.

Idan numfashi ya sarƙe mata, kada a kwantar da ita rigingine. A zaunar da ita a bakin gado, ta ɗan sunkuyo gaba, ta dafa gwiwoyinta ko ta jingina hannuwa a kan matashin kai. Ta shaƙi iska ta hanci, ta fitar ta baki da leɓɓa a tsuke kamar mai hura koko mai zafi, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Wani ya zauna kusa yana yi tare da ita, yana yi mata fifita a fuska da mafici, don iskar da ke bugun fuska tana rage jin shaƙewar. Sauran jama'a su fita. Na san al'adarmu, da an ji jiki ya tashi sai ɗaki ya cika da 'yan sannu, ana salati ana kuka. Niyyarsu mai kyau ce, amma tsoron da take gani a fuskokinsu ƙara mata haki yake yi. Da dare kuma a tara mata matasan kai ta yi barci a jingine.

Ku koyi ƙirga numfashinta. Babban mutum mai lafiya yana yin 12 zuwa 20 a minti ɗaya. A ƙirga minti cikakke ba tare da an gaya mata ba, domin da ta sani za ta sauya shi. Ku rubuta safe da yamma a ɗan littafi, ta haka za ku san nata na kullum, ku kuma gane ranar da ya sauya. Idan ka sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini, ka sani cewa ga masu irin ciwonta 88 zuwa 92 ake nema, ba 99 ba. Saboda haka in an ba ta oksijin, kada kowa ya ƙara shi da kansa don yana ganin taimako ne. Yawansa yana iya sa gurɓatacciyar iska ta taru a jininta har barci mai nauyi ya ɗauke ta. Na'urar ma tana ruɗewa idan yatsa ya yi sanyi, kuma takan ɗan ƙara lamba a kan masu baƙar fata irinmu. Idonku ya fi ta. Ranar da ka ga Inna ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ko leɓɓanta da harshenta sun sauya launi, ko tana gyangyaɗi da rana tana magana ba kan gado, ko kakin ya koma kore ga zazzaɓi, ku nufi asibiti ko tsakar dare ne.

Batun abin shaƙa da ka ce tana ƙi don an ce mata in an fara ba a dainawa, wannan magana ba ta da tushe. Maganin yana zuwa huhu kai tsaye, kuma kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙwayar haɗiya. Matsalar da muka fi gani ita ce ba a iya amfani da shi ba, sai maganin ya ƙare a kan harshe. A girgiza shi, ta fitar da numfashi, a danna sau ɗaya tana shaƙa a hankali, ta riƙe kamar daƙiƙa 10. In hannu da numfashi sun ƙi haɗuwa, a samu gorar roba ta rabin lita, a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, a fesa ciki, ita kuma ta shaƙa ta bakin gorar. Idan an haɗa mata da na rigakafi da ake shaƙa kullum, ta riƙa kuskure baki bayansa. Maganin tari mai sa barci da masu zuwa dubiya kan kawo, a ajiye shi gefe. Tarin ne ke fitar da kakin, ba a so a danne shi. Irin mai kodin ɗin ma tun 2018 aka hana shi a nan Najeriya.

Abin da ya fi damuna shi ne hunturu na tafe, kuma ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ku take fara samu kafin mu. Ranar hazo ta zauna a ɗaki, in fita ta kama ta sa takunkumi. A yayyafa ruwa kafin shara, a kuma fitar da ita daga wurin. Amma ƙurar waje ba ta kai hayaƙin cikin gida illa ba. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, maganin sauro mai hayaƙi, janareta a bakin taga, duk a raba ta da su, gidan sauro da bargo sun wadatar. Turaren wuta shi ne mai wuya, na sani, don gidan da ba a sa shi sai a ga kamar ba mace a ciki. Ka lallashi uwargida da hikima, ka nuna mata ba ƙyamar turarenta ake ba, ta sa a nata ɗakin. Girki kuwa Inna ta bar wa yara. Za ta yi gardama, don barin murhu a wurinta tamkar an ce ba ta da sauran amfani ne. Ku nema mata abin yi da ba hayaƙi, ko tsinar shinkafa ko kula da jikoki.

Kada kuma ku mayar da ita 'yar kwance. Ta riƙa zagaya tsakar gida kullum, tana hutawa in ta gaji. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, don cikakken ciki yana danne numfashi, ruwa kuma isasshe don kaki ya yi laushi. Uwargida ma a samo mai karɓarta ta samu barci.

Ka turo mini hoton magungunan da aka rubuta da abin da kuka ƙirga na makon farko. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ɗanta na Kano yana yi mata addu'a. Iyalina suna gaishe ku baki ɗaya.

Wassalam,
Amininka.